Kundin Inna Atu da Idon Hagu na Rauda

Duk wanda ya ce maka waya ce ta ci idon Malama Rauda ta Kebbe, ka ce masa bai san zancen ba. Waya ta gajiyar da idon, wannan gaskiya ne. Amma mutane ne suka ƙarasa shi, manya masu hankalinsu, da rana tsaka, kuma da sunan taimako.

Rauda haifaffiyar Tambuwal ce, gidan malamai, irin gidan da tun daga zaure kake jin warin tawada. Mahaifiyarta, Inna Atu, ita ke karantar da matan unguwa, ita kuma ake tasowa in mace ta rasu don a yi mata wanka. Shekara arba'in tsohuwar ta yi tana tsara karatun mata a waƙe, tana rubutawa da ajami, don wadda ba ta iya karatu ba ta riƙe da ka: tsarki, jinin biƙi, wankan gawa, haƙƙin maraya. Shafi sittin da uku ne a cikin gafaka ta jar fata. Rubutun ƙanana ne kamar sawun tururuwa, don a zamaninta takarda ba abin wasa ba ce.

Aure ya kai Rauda Kebbe, gidan Malam Siddiƙ, manomin shinkafa da dawa, mutum mai sanyin hali. Can ta ɗauki aikin uwarta. Ta haifi 'ya'ya mata biyu, ta aurar da su, ta ci gaba da tara matan unguwa a gindin dalbejiyar tsakar gidanta. Abin da ta haddace na waƙen Inna bai kai rabi ba. Sauran, in ta je gida sai ta buɗe ta duba.

Da Inna Atu ta rasu, Rauda ta roƙi yayanta Sharifuddeen ya ba ta kundin.

Ya ce, "Kin san ƙa'idar gidanga. Littafi ba shi bin mace gidan miji. Nan anka rubuta shi, nan shika zama."

Ta ce, "Yaya, ka taɓa buɗa shi?"

"Ko ban buɗa ba, na gida ne."

Bai taɓa buɗewa ba. Bai san ko wane babi ne a farko ba. Amma shi ne namiji, shi ke riƙe da makullin ɗakin littattafai.

Malam Siddiƙ bai yi gardama da surukinsa ba. Da suka je gaisuwar Sallah sai ya nemi izini, ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya ɗauki hoton kundin da wayarsa, shafi bayan shafi, har sittin da uku. A hanya ya ce wa matarsa, "Ki kwantar da hankalinki. In anka gama girbi sai in kai a fitar miki da shi a takarda."

A daminar nan ɗakin littattafan Tambuwal ya rufta. Da bango ya fara tsagewa an kwashe manyan littattafan maza an kai zaure. Gafakar tsohuwa ba wanda ya tuna da ita. Da aka tono ta, abin da ke ciki ya zama kamar kunu. Girbi kuma bai ƙare ba maciji ya sari Malam Siddiƙ a fadama, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ka ga ke nan, aikin shekara arba'in na Inna Atu babu inda ya rage a duniya sai cikin wayar mamaci.

Rauda ta shiga takaba. Aka ɗauko Gwaggo Tambaya daga Fakku, ƙanwar mahaifin mamacin, ta zo ta zauna da ita. Tsohuwa ce mai tausayi, ba a raba ta da wannan, amma kanta cike yake da dokokin da ba su cikin kowane littafi. Ranar da ta iso ta juya madubin ɗaki ya kalli bango. Ta ba Rauda 'yar wuƙa ta ce kada ta rabu da ita. Rauda ta san abin da shari'a ta hana mai takaba da abin da mutane suka ƙara da kansu, ita ke koya wa mata ma. Amma wa zai yi jayayya da gwaggon miji a gidan mutuwa?

Kwana uku da rasuwa, Gwaggo ta shigo ta tarar da ita riƙe da wayar.

"Mi nika gani haka? Gilashi a hannun mai takaba?"

"Gwaggo, wayar Malam ce."

"To in ta mutu ba ki ganin fuskarki ciki? Madubi ne, ɗiyata, sai dai an sake mai suna. Aje, aje, kada ki jawo muna."

Da yamma Ɗanmaliki, yayan mamacin, ya zo. Ya tattara agogo da rediyo da manyan riguna da wayar, ya zuba a akwatin ƙarfe na ƙaninsa, ya datse da kwaɗo. Ya ce washegarin sadakar arba'in za a raba gado, kafin nan ko allura ba a taɓawa.

Daga bayan labule Rauda ta ce, "Yaya, karatun Inna na cikin wayar."

Ya ce, "Waƙe-waƙenku na mata? Kayan gado ne. Ko mi ke ciki, sayar da ita za a yi."

Ya jefa makulli a aljihu ya fita. Akwatin kuwa ya bar shi a ɗakinta, don nan ya tarar da shi. Abin da bai sani ba, tun shekarun baya Malam Siddiƙ ya ba matarsa makulli na biyu, tana ɗaure da shi a jikin carbinta.

Sati guda ta yi tana kallon akwatin nan. A rana ta goma da rasuwa ta buɗe.

Ba ta da wanda za ta gaya wa. In magana ta fita, cewa za a yi matar Siddiƙ ta fasa akwatin gado tun kabarinsa bai bushe ba. Fitar da wayar daga gida kuwa bai taso ba. Ita tata wayar 'yar ƙarama ce mai maɓallai, ta kira da amsawa, ba ta taɓa sanin yadda ake sarrafa babbar ba sai buɗe hotuna da ta ga mijinta yana yi. Dabara ɗaya ta gani: ta kwafe kundin da hannunta kafin arba'in.

Da hantsi, in Gwaggo ta fita tsakar gida karɓar 'yan gaisuwa, sai Rauda ta ce za ta yi lazimi. Ta tura ƙofa, ta rufe taga, ta cusa tsumma a kafar da haske ke shigowa don kada wani ya leƙo. Ta jona wayar a igiyar ɗan faifan sola da ke kunna mata fitila. Sai ta duƙa a bayan gado, cikin duhu kamar na rijiya, waya a hannun hagu dab da hancinta, biro a dama, littafin 'yan makaranta a kan cinya. Hasken wayar shi ne fitilarta, da shi take karantawa, da shi take rubutawa. Daga hantsi zuwa azahar. In Gwaggo ta kishingiɗa bayan azahar, ta koma har la'asar.

Shafi guda cikakke a gilashin da bai kai tafin hannu ba. Wasali ya zama kamar ƙwayar gero. Tana tsoron ƙiftawa kada layi ya ɓace mata, sai ta ƙura ido har hawaye ya zubo da kansa.

Shafi uku take yi a rana da farko. A sati na biyu ido ya fara yi mata kamar an watsa yashi. Ciwon kai ya kafa sansani a goshinta, wuya ya ƙage. In ta fito alwala hasken rana ya sare ta sai ta dafa bango. A sati na uku baƙaƙen suka fara haihuwa, kowane harafi da ɗan'uwansa a gefe, ba ta san wanne ne na gaskiya ba. Ta rubuta baiti guda sau biyu, ta tsallake uku, ta yage shafin ta sake. Rannan ta wuni ba ta gama rabin shafi ba. Ta kifa kai a kan gado tana cewa, "Ya Allah, ba don ni ba. Ka ara mini idon nan kwana kaɗan, in na gama Ka yi yadda Ka so."

Ranar talatin da uku ta ƙirga. Arba'in da huɗu sun shiga littafi, goma sha tara suna nan. Kwana bakwai suka rage, ita kuma ko lambar shafi ba ta iya gani sai ta rufe ido ɗaya.

Gwaggo Tambaya ta daɗe tana lura da idanun, jajur kamar gauta. Ta zauna kusa da ita ta kama hannunta.

"Kukan ga ya isa haka, ɗiyata. Siddiƙ ya tafi inda muka zuwa duka. Ga rashin kwalli, ga kuka, ina ido shika ɗauka? Bari in haɗa miki abin da anka yi wa kakarmu, yanzu shi washe."

Ta jiƙa toka da ɗan gutsuren kanwa, ta tace a tsumma. A nan ne abin ke ƙona rai. Rauda ba jahila ba ce, a ranar lafiya ko kusa da fuskarta ba za ta bari a kawo wannan ruwa ba. Amma kalma ɗaya ta ji, “shi washe.” Shafi goma sha tara ne a gabanta. Ta kwanta, ta buɗe idon hagu da yatsunta da kanta.

Ihun da ta yi har maƙwabta. Ta yi birgima, matashi ya ture, wayar da ta ɓoye a ƙarƙashinsa ta faɗo ƙasa tana haske.

Najiba ce ta fara shigowa, maƙwabciyarta kuma ɗalibarta, ma'aikaciyar ɗakin shan magani. Ta sunsuni ƙoƙon, ba ta tambayi kowa komai ba. Ta ja Rauda waje, ta kwantar da ita a bakin rariya, ta yi ta kwarara mata ruwa a ido, buta bayan buta, har randa ta kusa ƙarewa.

Gwaggo kuwa tana tsaye da wayar a bakin zane. "Na faɗa! Na ce madubi ne! Ga abin da ya jawo!"

Najiba ta ɗago. "Gwaggo, kanwa kika zuba mata, ba madubi ba. Yau za a kai ta asibiti."

"Mai takaba? Ta taka titi? Ba da raina ba."

Aka kira Ɗanmaliki. Ya dubi akwati, ya dubi waya, bai ko tambayi idon ba. Ya ce tunda abin ya zama fitina, gobe kasuwar Tambuwal ke ci, zai kai wayar a goge duk abin da ke ciki a sayar, a aje kuɗin cikin gado. Zancen asibiti kuma, a bari a ga kwana biyu. Ya saka wayar a aljihu ya fita.

Sai a lokacin Rauda ta gaya wa Najiba komai, tana kwance da tsumma mai sanyi a fuska. Ta nuna mata littafin a ƙarƙashin katifa. Najiba ta juya shafukan, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Malama! Kwana ashirin da uku cikin duhu? Mi ya hana ki gaya mini? Minti biyar ne! In aza tawa kusa da ita, hotunan su wuce, ko ƙofar ɗakin ga ba ta fita ba."

Ta fito da tata wayar, ta buɗe wani hoto, ta ɗora yatsu biyu ta buɗa su. Abin da ke ciki ya kumbura ya cika gilashin.

"Kin gani? Haka aka yi. Harafi guda sai shi kai girman goro."

Rauda ta kalla da idon dama. Can sai ta juya fuska bango, kafaɗunta suna girgiza.

Da sassafe Ɗanmaliki ya hau babur. Rana ba ta gama fitowa ba Rauda ta zura hijabi, ido ɗaure da bandeji, Najiba na riƙe da hannunta. Gwaggo ta tare ƙofar zaure.

"Ina za ki?"

"Tambuwal, Gwaggo."

"Ki ji tsoron Allah, ɗiyar malamai!"

"Shi nika tsoro. Shi ya yarda mai takaba ta fita in lalura ta kama, ta dawo ta kwana ɗakinta. Wata guda ina bin dokar da ba Shi ya aza ba, ga inda ta kai ni. Ga wuƙarki. Ba ni hanya."

Tsohuwar ta dubi bandejin, ta matsa gefe tana salati.

A mota suka yi faɗa. Najiba ta ce asibiti za su fara zuwa, idon da kanwa ta taɓa ba ya jira, an riga an yi asarar kwana guda.

Rauda ta ce, "Kasuwa."

"Malama, ido ne fa!"

"Ina da wani. Kundin Inna ba shi da wani."

Kowane rami motar ta faɗa sai Rauda ta ji kamar an soka mata tsinke har ƙeya. Direba ya tsaya ɗaukar buhuna, ya tsaya gaisawa da abokinsa, ya tsaya zuba ruwa a inji. Ita dai tana jan carbi, makullin akwati yana kaɗawa a jikinsa.

A kasuwar, rumfunan masu waya sun fi ashirin a jere. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya, Najiba na tambayar ko an ga wani dattijo daga Kebbe mai jar hula. A ta tara suka jiyo muryarsa kafin su gan shi.

"Kai, aikinka gogewa ne ko wa'azi?"

Mai rumfar, wani magidanci da ake kira Bube, yana riƙe da wayar da hannu biyu. "Alhaji, na gaya maka. Na buɗa in duba kafin in goge, na iske Bisimilla a kan kowane shafi, rubutun hannu. Ni ba ni shafe sunan Allah da yatsana ban san ko akwai wani wurin da anka aje shi ba. Kawo mai shi ya ce in goge."

"To ba ni, in kai gaba. Masu neman aiki na nan da yawa."

Ya miƙa hannu. Rauda ta ce, "Ga mai shi."

Ɗanmaliki ya juyo, bakinsa ya buɗe. "Ke! Cikin kasuwa? Da takaba?"

Ba ta ko dube shi ba. Ta ce wa Bube, "Malam, buɗa shafi na farko ka bi ni." Ta fara rera waƙen tsarki da muryar da take karantar da mata, a tsaye, cikin rana, hawaye na bin ƙasan bandeji. Bube yana bi da yatsa yana gyaɗa kai. Masu rumfunan kusa suka rage sautin rediyo. Wani tsoho mai sayar da igiya ya matso ya ce, "Wannan ai karatun Atu ne. Ita ta wanke uwata."

Bube ya dubi Ɗanmaliki. "Alhaji, waya taku ce, ku sayar. Abin da ke ciki ba na sayarwa ba ne. Minti biyar nika roƙo."

Mutane sun taru, duk shi suke kallo. Ya gyara hula ya ce, "To wa ya hana? Ni dama ban san karatu ne ba."

Ya sani. An gaya masa daga bayan labule.

Najiba ta ajiye wayarta kusa da ta mamacin. Rauda ta ce a ƙirga mata da ƙarfi. Bube ya ƙirga har sittin da uku, sannan ta zauna a kan benci.

Daga asibitin Tambuwal aka tura su Sakkwato a ranar. Likitan ido ya duba ya daɗe. Ya ce na dama gajiya ce da bushewa, zai dawo in an hutar da shi, kallon waya ba ya makantar da mutum. Na hagu kuwa kanwa ta ƙone shi, tabo zai zauna. Ya tambayi dalilin da ya sa ba a kawo ta tun jiya ba. Najiba ta buɗe baki, Rauda ta taɓa mata gwiwa.

Yau shekara biyu ke nan. Idon hagu fari ne, haske da duhu kawai yake rarrabewa. An buga kundin a manyan takardu, kowane shafi an raba shi biyu don harafi ya yi girma, kwafi huɗu, ɗaya yana Jabo wurin 'yarta Muhsina. Shafuka goma sha taran nan ta ƙarasa su da hannunta duk da haka, a tsakar gida, cikin inuwa, rabin shafi a rana.

Matan da ke zuwa karatu yanzu kusan kowace da waya a jaka, kuma Malama ta kafa musu doka. Ba a karatu a ɗaki mai duhu. Waya ba ta matsowa kusa da fuska fiye da kamu guda. In rubutu ya yi ƙanƙanta a buɗa shi da yatsu, kada a ƙanƙance ido. In an yi kamar sulusin awa sai ta tafa hannu, kowa ta ɗaga kai ta kalli kan kukar da ke bayan gari, ta yi salati goma tana ƙiftawa. Abin da ba likita ya bayar ba kuwa, ko uwarki ce ta kawo, ba ya shiga ido. Masu dariya suna yi, sai ta ɗaga hijabi ta nuna musu na hagun, dariyar ta tsaya.

Bayan Sallar da ta wuce Sharifuddeen ya zo Kebbe. An gaya masa ana ta zancen kundin gidansu. Ya sha ruwa, ya yi gyaran murya, ya ce ya dace a mayar da wanda ta rubuta da hannu Tambuwal, a aje shi a ɗakin littattafai, tunda can ne asalinsa.

Rauda ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, yadda mai ido guda ke yi, ta dube shi.

"Yaya, ka zo da waya?"

"Na zo da ita."

"To ga tabarma can a inuwa. Ka ɗauki hoto. Shafi sittin da uku ne."